Taki Da Maganin Feshi A Sabon Filin Ciyawar Ado: Wanne Za A Fara, Wanne Za A Jinkirta?

Duk wanda ya shiga shagon kayan noma a Sabon Garin Zariya ko a kasuwar Samaru ya ce a ba shi maganin ciyawa, abin da ya tambaya za a miƙo masa, wato maganin da ke kashe ciyawa. Inda gizo ke saƙar shi ne, mai gidan da ya yayyafa irin ciyawar ado a farfajiyarsa makonni biyu da suka wuce, ciyawa yake son rayawa kuma ciyawa yake son kashewa, alhali yawancin jarkokin da ke jere a kan kanta ba su san wannan bambanci ba. Domin kada magana ta ruɗe, a nan zan riƙa kiran wadda aka shuka da gangan ciyawar ado, ita kuma wadda ta fito ba tare da an gayyace ta ba in kira ta haki. Abin da za a auna shi ne yadda mai sabon fili zai zaɓi taki, da yadda zai yi da haki, a cikin makonni takwas zuwa goma na farko, waɗanda su ne ke yanke hukuncin ko filin zai rufe ya yi kore ko kuwa zai zama dabbare-dabbare.

Sai an fara duba ƙasar. Ƙasar tudu ta yankin Zariya ba ta da wadatar ruɓaɓɓen taki, kuma tana da ƙarancin naitirojin da fosforos, abin da masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka daɗe suna nunawa a gonakin hatsi. Tana kuma yin ɓawo a sama idan ruwa mai ƙarfi ya dake ta rana ta biyo baya. Farfajiyar sabon gida ta fi gona muni, domin magina sun riga sun kwashe ƙasar sama, sun bar jar ƙasa da marmara da ɓaraguzan bulo, motocin yashi kuma sun danne wurin ya yi tauri. Irin kiri-kiri, wanda shi ne aka fi samu a matsayin irin ciyawar ado mai jure rana da fari, ƙanana ne ƙwarai, ba ya ɗauke da guzurin da zai riƙe tsiro fiye da 'yan kwanaki. Idan ya tsiro, yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 14 in iri ne da aka cire wa ƙaiƙayi, dole saiwarsa ta tarar da abinci a kusa. Saboda haka babu gardama a kan cewa sabon fili yana bukatar taki. Gardamar tana kan wane iri, nawa, kuma yaushe.

Takin gargajiya yana yin aikin da babu wani buhu da zai yi. Yana sassauta ƙasa, yana sa ta riƙe laima, yana rage ɓawon nan da ke hana tsiro huda ƙasa, kuma yana sakin abincinsa a hankali. A jar ƙasar da magina suka bari, ni ban ga abin da zai maye gurbinsa ba. Idan aka shimfiɗa shi kaurin santimita 2 a fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, ana bukatar kimanin baro 30, sannan a kafce a cuɗa shi da ƙasar sama zurfin santimita 10 zuwa 15. Illarsa kuwa babba ce ga wanda bai yi hattara ba. Kashin shanu da na tumaki suna zuwa da irin duk hakin da dabbar ta ci a kiwo, domin da yawa daga cikin irin yana ratsa cikinta ya fito da ransa. Wanda ya zuba ɗanyen takin turke a filinsa ya shuka tafasa da zaki-banza da harkiya da hannunsa, har ya ba su taki. Ɗanyen taki mai kara da ciyayi kuma yana jawo gara. Kashin kaji ya fi ƙarfi kuma bai cika zuwa da irin haki ba, amma ɗanyensa yana ƙona tsiro. Takin bola, wanda manoman kewayen birni suka saba saye, yana zuwa da leda da kwalba da tsoffin batura, kuma ba abu ne da za a shimfiɗa inda yara za su yi wasa ba takalmi ba. Mafita ita ce a tara takin tsibi, a jiƙa shi, a riƙa juyawa har ya ɗauki zafi ya huce, ya koma baƙi mai warin ƙasa. Zafin cikin tsibin, idan ya kai wajen digiri 55 zuwa 60, yana kashe mafi yawan irin haki. Wannan aiki yana cin wata biyu ko uku, don haka wanda zai shuka a watan Yuni tun Maris ya kamata ya tara takinsa.

Takin zamani ba ya gyara jikin ƙasa, amma ba ya kawo irin haki ko ƙwaya ɗaya, kuma an san abin da ke cikinsa. Uku ne ke gaban mai saye: kamfa, da supa, da yuriya. Kamfa mai lamba 15-15-15 yana da kashi 15 cikin ɗari na kowane daga naitirojin da fosfet da fotash. Kilo 3 a murabba'in mita 100 yana ba da giram 450 na kowannensu, kuma wannan ya isa shuka. Kamfa mai lamba 20-10-10, wanda ya yawaita a kasuwa a shekarun baya-bayan nan, ya fi dacewa da filin da ya riga ya kafu, domin ya fi ƙarfi ta wajen ganye, ya yi rauni ta wajen saiwa. Idan shi kaɗai aka samu, sai a ƙara masa kilo 1 ko 2 na supa, wanda fosfet ɗinsa ke wajen kashi 18 cikin ɗari. Dalilin nacewa a kan fosforos kafin shuka shi ne ba ya tafiya a cikin ƙasa. Inda ya faɗi nan yake zama, saboda haka wanda aka watsa a sama bayan tsiro ba zai gangara wurin saiwa da sauri ba. Lokacin da ake kafce ƙasa ne kaɗai ake da damar kai shi inda ake bukatarsa, sai a watsa, a bi da manjagara a cuɗa shi cikin santimita 5 zuwa 10 na sama, a daidaita, sannan a yayyafa iri.

Yuriya ita ce ta fi jan hankali, ita ce kuma ta fi yin ɓarna. Kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, tana narkewa nan da nan, kuma cikin mako guda ciyawa ta yi shar. Amma idan aka watsa ta tare da iri, ko a kan tsiron kwana goma, gishirinta da iskar amoniya da take fitarwa suna ƙona saiwar da ba ta yi ƙwari ba. Abin da tsiron bai iya sha ba kuma, ko ruwan sama ya wanke shi, ko haki ya shanye, domin haki ya fi saurin girma. Wurinta yana zuwa bayan mako huɗu zuwa shida, lokacin da ciyawar ta fara miƙa rassa a ƙasa ko aka yi mata yankan farko. A lokacin ma rabin kilo a murabba'in mita 100 ya isa, a watsa da yamma a kan busasshen ganye, a bi da ban ruwa nan take don ƙwayoyin su sauka daga ganye su shiga ƙasa. Gara a ba da rabin kilo sau biyu, tsakaninsu mako huɗu, da a ba da kilo guda a tashi ɗaya. Da yake rabin kilo yana da wuyar rarrabawa daidai a fili mai wannan girma, akan gauraya shi da busasshen yashi, a raba biyu, a watsa rabi ana tafiya gabas da yamma, ɗaya rabin ana tafiya kudu da arewa. Wannan lissafi yana nuna cewa buhu mai kilo 50 ya fi ƙarfin farfajiyar gida nesa ba kusa ba, awo a mudu ya wadatar, muddin an ɗora shi a sikeli sau ɗaya an san nauyinsa.

A ganina, ba zaɓi ne tsakanin na gargajiya da na zamani ba ga mafi yawan gidaje. Wanda ƙasarsa jar ƙasa ce ya haɗa ruɓaɓɓen taki da kamfa. Wanda bai samu ruɓaɓɓe ba, gara ya tsaya a kan kamfa kaɗai da ya zuba ɗanye. Akwai kuma masu sayen tifar baƙar ƙasa daga fadama su shimfiɗa. Ƙasar tana da kyau, amma fadama gidan aya-aya ce, kuma 'ya'yanta da ke cikin ƙasar za su zauna a filin shekara da shekaru. Wanda zai saya ya tona da hannu ya duba tun kafin a juye.

Maganar haki ta fi ta taki sarƙaƙiya, kuma a nan ne saba wa aikin gona ke yaudarar mutane. Manomin masara a Zariya ya saba ya shuka yau, gobe ya goya injin feshi ya bi gonar da maganin tare tsiro, irin su atarazin, ko fendimetalin, ko butakulo a gonar shinkafa. Maganin yana zama a fatar ƙasa, ya kashe duk ƙaramin irin da ya tsiro a nan, ita kuwa masara ta tsira saboda ƙwayarta babba ce, an binne ta can ƙasa, kuma jikinta yana iya narkar da wasu daga cikin magungunan. Irin ciyawar ado yana kwance ne daidai a fatar ƙasar da maganin ke tsaro, kuma ɗan'uwan harkiya ne da tuji, wato ainihin abin da aka ƙera maganin ya kashe. Na ga filin da mai lambu ya yi wa haka da kyakkyawar niyya, da ragowar maganin gonarsa. Bayan wata guda babu haki, babu ciyawa, sai ƙasa fetal, kuma da aka sake yayyafa iri bai kama ba, domin irin waɗannan magunguna sukan yi makonni, wasu ma watanni, suna aiki a ƙasa. Maganin tare tsiro ba shi da wuri a filin da aka shuka da iri, kafin shuka ko bayanta, sai ciyawar ta kafu ta rufe. Ga kuma cewa hukumar NAFDAC ta sanar da janye atarazin da wani maganin haki mai suna farakwat daga amfani a Nijeriya saboda illarsu ga lafiya da muhalli.

Haka hukuncin yake ga takin nan na ƙasashen waje da ake haɗa shi da maganin haki a buhu guda, wanda wani lokaci ake gani a shagunan kayan lambu ko a intanet. An yi shi ne don tsohon fili, kuma galibi don irin ciyawar Turai da arewacin Amurka. Maganin da ke cikinsa, ko na tare tsiro ne ko na kashe faɗin ganye, yana cutar da sabon tsiro. Ya kuma tilasta wa mutum ya yi ayyuka biyu a rana ɗaya, alhali a sabon fili lokacin taki yana riga lokacin magani da kusan wata biyu.

Abin da ya rage na gaske hanyoyi uku ne, kuma ba ɗaya suke ba a daraja. Wadda ta fi ita ce yaƙar haki tun kafin iri ya taɓa ƙasa. A gyara fili, a zuba taki, a daidaita kamar yau za a shuka, sannan a ƙi shukawa. A bar ruwan farko na Mayu ya sauka, ko a yi ban ruwa, har mako biyu ko uku, hakin da ke saman ƙasa ya fito ya yi kore. Sai a kashe shi, ko dai da fartanya sama-sama ba tare da juya ƙasa ba, ko da maganin kashe-duka na gilaifoset. Wannan magani yana shiga ta ganye ya gangara saiwa, kuma da zarar ya taɓa ƙasa yana maƙalewa a jikinta ya daina aiki, don haka ana iya shuka bayan kimanin mako guda. Yana bukatar ganye mai rai da sa'o'i kamar shida ba ruwan sama. Tsakanin fartanya da magani, fartanya ta isa idan hakin na shekara ne, irin su harkiya da gude-gude da tafasa. Idan kuwa akwai tofa ko aya-aya, fartanya tana yanke kai ne kawai ta bar saiwa da 'ya'ya a ƙasa, har ma ta yawaita su, a nan maganin ya fi, kuma sau da yawa sai an maimaita bayan sun sake tohowa. Sharaɗi ɗaya ne: bayan an kashe, kada a sake kafcewa da zurfi, domin juya ƙasa yana fito da sabon irin haki daga ƙasa ya koma sama. Manjagara kaɗai za a ja don iri ya samu wurin kwanciya. Farashin wannan hanya shi ne haƙurin wata guda, kuma yawancin masu gida a nan suke faɗuwa, saboda an tare a sabon gida ana son a ga kore.

Hanya ta biyu tana zuwa bayan tsiro, inda cira da hannu da yanka su ne abin dogaro. Cira tana da wahala, amma a farfajiyar gida ba ta fi ƙarfin mutum biyu a safiya ɗaya ba, idan aka yi ta tun hakin yana da ganye uku ko huɗu. A yi ta bayan ban ruwa, ƙasa na da laushi amma ba caɓi ba, a shimfiɗa katako a tsuguna a kai don kada ƙafa ta nutsa, kuma a danne ƙasar da ke gefen hakin da yatsu yayin tumɓukewa don kada ya taso da tsiron da ke kusa. Wanda zai yi cirar sai an nuna masa bambanci, domin harkiya tana kama da kiri-kiri a ƙuruciya, sai dai ganyenta ya fi faɗi. Yanka kuwa makami ne da ake rainawa. Kiri-kiri tana rarrafe a ƙasa, yanka yana sa ta yaɗu, shi kuwa haki mai miƙewa sama kamar tafasa da zaki-banza da kashin-yawo, idan aka sare kansa sau biyu ko uku yakan mutu. A fara yanka idan ciyawar ta kai wajen santimita 5 zuwa 6, da wuƙa mai kaifi, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, kuma kada a shiga da injin yanka ƙasa na jiƙe. Dasashshiyar adda tana tumɓuke tsiro maimakon ta yanke shi.

Hanya ta uku ita ce maganin faɗin ganye, wanda aka fi sani da 2,4-D. Yana kashe haki mai faɗin ganye ya bar dangin ciyawa, shi ya sa masu shinkafa ke amfani da shi. Amma barin da yake yi wa babbar ciyawa ne. Tsiron da bai kafu ba yana murɗewa ya tsaya da girma, wani ya mutu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a jira sai an yi wa filin yanka uku ko huɗu, wanda yakan kama mako shida zuwa takwas ko fiye. Ko a lokacin, feshin wuri-wuri a kan hakin ya fi feshin fili duka, da ƙaramin ma'aunin da aka rubuta a jikin jarka, da sassafe babu iska, ba a tsakar rana mai zafi ba. Haɗarinsa a cikin gida ya fi na gona, domin tururinsa kaɗai ya isa ya nannaɗe ganyen tumatir da kuɓewa da gwanda da furanni, naka ko na maƙwabci a bayan katanga. Injin da aka yi feshinsa da shi yana riƙe saura ko an wanke, haka ma injin da aka ara daga gona yana iya zuwa da ragowar kashe-duka. A sa safar hannu da takalmin roba, a rufe hanci, a nisanci rijiya, a hana yara da kaji da awaki shiga har ganye ya bushe, kuma kada a ba dabbobi ciyawar da aka yanka bayan feshi.

Ya kamata a san iyakar wannan magani tun kafin a kashe kuɗi. Ba ya taɓa harkiya, ko tuji, ko gude-gude, ko ƙarangiya, waɗanda su ne suka fi damun sabon fili a damina. Aya-aya yana ƙona mata ganye ne ta sake fitowa. Maganin da ake fesa wa waken suya da gyaɗa don kashe haki mai siririn ganye zai kashe harkiya, amma tare da kiri-kiri zai tafi da ita, kasancewar a gona kiri-kiri ma haki ce da manomi ke neman kashewa. Don haka ko wanda ya zaɓi feshi, cira ba za ta bar shi ba. Ita aya-aya, a sabon fili, abin yi shi ne a riƙa tono ta da wuƙa har da ɗan da ke ƙasa duk lokacin da ta leƙo, a kuma gyara inda ruwa ke kwanciya, domin ba ta son inuwar ciyawar da ta rufe sosai.

Lokacin shuka yana sauya nauyin duk waɗannan zaɓuɓɓuka. Daminar Zariya tana ba da ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, tana kankama a Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a farkon Oktoba. Wanda ya kashe haki a Mayu ya shuka a Yuni ya samu ruwa kyauta da wata uku na girma. Wanda ya jira Agusta zai ga ruwa ya kwashe iri da taki ya tara su a bakin magudana, kuma yuriyar da ya watsa rabinta ba za ta amfane shi ba. Mai rijiyar burtsatse yana da wata dama, wato ya shuka a Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ke da ɗumi, haki kuma bai yi yawa ba, amma sai ya yarda da ban ruwa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana har tsiro ya kama, kuma ya rage yuriya saboda zafi. Shuka a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, ba ta da riba, domin kiri-kiri tana son ƙasa mai ɗumin digiri 18 ko fiye, sanyin dare yana sa irin ya yi ta kwanciya.

Idan filin yana da girma, kamar na makaranta ko na ƙwallo, inda cira da hannu za ta ci kuɗin lebura mai yawa, sai a ƙara nauyi a kan matakin kafin shuka, a yi zagaye biyu na fito da haki da kashe shi, a kuma yayyafa iri da ɗan kauri, kusan kilo 1 a murabba'in mita 100 maimakon rabin kilo, don ciyawar ta riga haki rufe ƙasa. Idan kuma an riga an san wurin matattarar aya-aya ce ko tofa, dashe ya fi iri, wato a samo rassan ciyawa masu saiwa a dasa a layi tazarar taƙi guda, domin dashe yana farawa da ƙarfinsa, kuma ana iya bin tsakanin layukan da ƙaramar fartanya har su haɗe. Ga wanda ya shuka a Yuni, yuriyar ƙarshe ta shekara ta sauka a farkon Satumba, tun ƙasa na da laima. Bayan ɗaukewar ruwa ba a ƙara taki sai a filin da za a ci gaba da yi wa ban ruwa a kai a kai har rani ya wuce.